Filin Tambayi Injiniya: Mayen ƙarfen da ake manna wa inji, me yake ji ne?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonni da yawa sun taru kan girgizar inji da na'urorin da ake aunata da su, shi yasa na haɗa su wuri guda. Na rage tsawon wasu saƙonnin saboda fili, masu su a yi haƙuri.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ina da injin casar shinkafa, motar da ke jansa kilowat 30 ce, kwanan nan ya fara girgiza har ƙasa kana ji a ƙafarka. Wani yaro mai gyara yazo da wata 'yar na'ura mai waya da mayen ƙarfe a bakinta, ya manna a jikin motar, ta nuna 5.2, sai yace wai boris ne ya tafi a canza. Dan Allah ta yaya mayen ƙarfe zai san boris ya lalace? Kuma in canza ko in bari? Daga mai injin casa, Kura, jihar Kano.

Amsa: Alhaji barka kadai, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa anan. Akwai na'urar da mayen ƙarfen ne yake jin girgizar da kansa, akwai kuma wadda shi aikinsa kawai ya riƙe ta a jikin inji kar ta faɗo. Ta farkon, in ka buɗe cikinta zaka samu koyil, wato naɗin siririyar waya, da maganaɗisu, wato mayen ƙarfen, ɗayansu a rataye kan sifirin mai laushi ɗayan kuma a kafe da jikin gwangwanin, toh idan inji ya girgiza gwangwanin zai bishi amma wanda ke kan sifirin ɗin sai ya kusa tsayawa wuri ɗaya, kaga kenan koyil da maganaɗisu suna ta wuce juna, kuma duk sanda hakan ta faru 'yar wuta tana fitowa a wayar. Wannan shine abinda Michael Faraday ya gano a Ingila tun 1831, kuma da shi janareta ke bada wuta har yau. In kana son ka gani da idonka ɗauki tsohuwar sifikar rediyo ka jona mita a wayoyinta biyu ka ɗan danna takardar da yatsa, zakaga lamba ta motsa, don ita ma koyil ce da maganaɗisu, aikin ne kawai aka juya baya. Iya saurin motsin iya yawan wutar, shi yasa irin wannan na'urar sauri take aunawa kai tsaye.

Amma 'yan ƙananan mitocin hannu da ake yawo dasu yanzu, galibinsu wani ɗan dutse ne a ciki da ke fidda wuta in an matsa shi, mayen ƙarfen na riƙo ne. Ina kyautata zaton irinta yaron ya kawo maka. Ba laifi, tana aiki, kuma lambar da take nunawa ma'anarta ɗaya: milimita nawa a sakan jikin injin ke kai da komo.

Yanzu 5.2 ɗin. Akwai tsohon jadawalin ISO 10816, wato ƙa'idar duniya ta auna girgizar inji, da masu gyara ke riƙe dashi har gobe, ko da yake an sabunta ƙa'idar ta koma ISO 20816. A jadawalin, mota daga kilowat 15 zuwa 75 in bata wuce 1.12 ba lafiyarta ƙalau, har zuwa 2.8 ana iya aiki da ita ba damuwa, tsakanin 2.8 da 7.1 ana lallaɓawa ne zuwa a samu damar gyara, in ta haura 7.1 kuma tana cin kanta ne. Kaga taka tana gidan lallaɓawa, wato yaron yayi gaskiya da yace akwai matsala. Inda ban bishi ba shine boris. Lamba ɗaya tal bata isa ta nuna boris ba, asali ma boris in ya fara lalacewa girgizarsa 'yar siririya ce mai saurin gaske wadda bata cika ɗaga wannan lambar ba sai abu yayi nisa, lokacin ma kunnenka yaji gurnani kuma gidan boris ɗin yayi zafi. Girgizar da ake ji har a ƙafa yawanci daga rinjaye take zuwa, wato gefe ɗaya na abin da ke juyawa yafi ɗaya nauyi, ko fuli biyu basu kalli juna daidai ba, ko notinan gindi sun saki. A injin casa kuma ni abinda zan fara dubawa fanka ce, ƙura da dusa suna daskarewa a fukafukanta, wani ɓangaren ya ɓalle ya faɗi wani ya zauna, shikenan ta koma mai rinjaye.

Ga abinda zakayi kafin ka kashe ko sisi. A kashe inji a kankare fankar tas, a bi notinan gindi ɗaya bayan ɗaya, a duba ko daɓen kankaren ya tsage. Sannan a cire bel a tada motar ita kaɗai a sake aunawa, in lambar ta faɗo ƙasa sosai toh motar bata da laifi, matsalar tana can ɓangaren injin. In ta zauna yadda take, a bar na'urar a manne a yanke wuta ana kallo: girgizar da ta ɓace nan take da yanke wuta ta lantarki ce, wadda ke raguwa a hankali tare da juyin kuma ta ƙarfe ce. In yaron nada mita mai zana hoton girgiza ma yafi, don motarka tana juyi kusan 1,450 a minti, wajen 24 kenan a sakan, in tsinin hoton ya tsaya kan 24 rinjaye ne, in kan 48 ne a duba saiti, in kan 100 ne, wato ninkin juyi 50 a sakan da wutar lantarkinmu ke yi, a duba lantarki.

Abu na ƙarshe Alhaji, kuma shine yafi min muhimmanci. Ka sayi littafi na rubutu ka rataye a jikin bango. A sa alama da fenti a wuraren da ake aunawa, kusa da kowane boris, a kankare wajen ya zama ƙarfe zalla mai shafe, banda kan murfin fanka don shi rawar kansa yakeyi. Kowane sati a auna a kwance, a tsaye, da kuma ta tsawon shaf, inji na cikin aiki da kaya, a rubuta da kwanan wata. Injin da ya shekara yana nuna 2.5 yafi min kwanciyar hankali akan wanda ya tashi daga 1 zuwa 2.5 cikin wata guda, kuma ba yadda zaka san wanne ne naka sai da littafin nan.

Tambaya: Oga ni bakaniken janareta ne na dizal. Wannan sensa da ake ɗaurawa ta wajen filawul mai mayen ƙarfe a baki, ita ma girgiza take aunawa? Daga Sabon Gari, Zariya.

Amsa: A'a ɗan'uwa, dangi ne dai amma aikinsu daban. Ita koyil da maganaɗisunta duk a kafe suke, haƙoran filawul ne ke wucewa ta gabanta, kowane haƙori ya gifta sai ta tura bugu ɗaya, gwamnan inji, wato na'urar da ke daidaita gudunsa, ya ƙirga ya san gudu, da haka yake riƙe janareta a 1,500 a minti don wuta ta fito a 50. Irinta ce sensar karanshaf a motoci da dama, da ta taya mai aikin birki. Tunda kazo, in kaga janareta na hawa da sauka ba dalili, kwance ta ka duba bakin, sau da yawa zaka tarar garin ƙarfe ya manne yayi mata gemu, goge ka mayar da tazarar da littafin injin ya faɗa, kar ka ɗaure har ta taɓa haƙori.

Tambaya: Injiniya in dai da gaske waɗannan na'urori suna faɗin matsala tun kafin ta faru, me yasa manyan injina na gwamnati da kamfanoni a duniya suke fashewa? Ko dai tallar masu sayarwa ce kawai? Daga wani malamin makaranta, Kontagora.

Amsa: Malam tambayarka tayi kyau kuma bari in baka labarin da duk wanda ya karanci wannan fannin ya sani. A ƙasar Rasha akwai madatsar ruwa ta Sayano-Shushenskaya a kan kogin Yenisei, injina 10 kowanne megawat 640, jimla 6,400, itace tashar wuta mafi girma a ƙasar. Ranar 17 ga Agusta 2009 da misalin ƙarfe 8:13 na safe murfin inji na 2 ya ɓalle, ƙarfin ruwa ya cillo abin juyin sama, ƙarfe mai nauyin tan ɗaruruwa, ruwa ya cika ɗakin injinan, mutum 75 suka rasu, 9 cikin injinan 10 suka lalace, sai a 2014 aka kammala mayar da tashar yadda take. Da akayi bincike sai aka tarar notinan da ke riƙe da murfin sun gaji sun tsattsage saboda girgiza ta tsawon lokaci, wasu ma ba kawunansu akai. Kuma abinda ke ci min rai duk sanda na tuna, ba wai ba'a sani bane, injin nan an daɗe da sanin yana girgiza, awo yana nuna ya wuce ƙa'ida makonni kafin ranar, a safiyar ma ya ninka ƙa'idar sau da yawa, amma ba'a tsayar dashi ba. A daren an samu gobara a wata tashar, ta Bratsk, sai nauyin daidaita wuta ya dawo kan wannan, akayi ta ɗaga injin ana saukewa yana ratsa matakin da yafi girgiza a cikinsa.

Kaga na'ura tayi nata. Abinda aka rasa shine mutumin da zai ce a kashe kuma a saurare shi, ko tsarin da zai kashe da kansa in lamba ta kai wani mataki ba sai an nemi izinin kowa ba. Ni a ganina duk ma'aikatar da ta sayi sensa bata rubuta a takarda cewa a lamba kaza a kira injiniya, a lamba kaza a tsayar ko waye yace a'a, toh rabin aikin tayi.

Irin waɗannan manyan injina ba mita ta hannu ake manna musu ba. Akwai wata sensa da bata taɓa shaf ɗin kwata-kwata, ana kafa ta da tazarar kamar milimita ɗaya ko biyu, koyil ɗin bakinta yana fidda ƙarfin maganaɗisu mai saurin juyawa wanda ke tada 'yar wuta a fatar shaf ɗin, shaf ya matso wutar ta ƙaru ya ja baya ta ragu, daga nan ake lissafa motsinsa har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Biyu ake sawa a kowane gidan boris, kowacce tana kallon shaf daga gefe daban, sai kwamfuta ta zana yadda shaf ke yawo a cikin gidansa. Kamfanin Bently Nevada na Amurka ne yayi suna da ita tun shekarun 1960. Kuma wannan ba labarin nesa bane garemu Malam, kai da kake jihar Neja, Kainji da aka buɗe a 1968 da Jebba da Shiroro da sabuwar Zungeru duk farfela ce ruwa ke juyawa kamar waccan, haka ma matatun mai da kamfanonin siminti duk suna da manyan injinan da ke buƙatar irin wannan sa-ido. Duk yaron da ya iya karanta hoton girgiza sosai ba zai rasa inda ake nemansa ba, ka riƙa faɗa wa ɗalibanka.

Tambaya: Akwai gadar da nake bi kullum, in tirela ta hau ina tsaye akai sai inji tana rawa. Alamar zata karye ce? Daga ɗan acaɓa, jihar Taraba.

Amsa: Ɗan'uwa rawa ita kaɗai ba alamar karyewa bace, gada an gina ta ne ta ɗan bada kai in nauyi ya hau. Kowace gada tana da nata saurin kaɗawar, kuma shi injiniyoyi ke aunawa, da irin na'urar koyil da maganaɗisun nan ko 'yan uwanta, in bayan shekaru akaga saurin ya ragu toh wani wuri yayi laushi, ko ƙarfe yaci tsatsa ko ruwa ya kwashe ƙasar gindin ginshiƙi. Aikin nason haƙuri don zafi da sanyi ma suna canza awon, na watan Afrilu ba zai zo ɗaya da na hunturu ba, sai an tara na shekara guda kafin a san me ake kallo. Wani lokacin kuma rawar daga tsarin ginin ne, kamar gadar ƙafa ta Millennium a Landan da aka buɗe ranar 10 ga Yuni 2000, mutane na hawa ta fara lilo gefe da gefe, suma suka riƙa daidaita takunsu da lilon ba da niyya ba abin ya ƙaru, bayan kwana biyu aka rufe ta, sai da aka saka mata na'urorin shanye kaɗawa aka sake buɗewa a Fabrairun 2002. Kai abinda idonka zai iya: in kaga tsaga tana ƙara faɗi, ko rodi a waje yayi ja, ko bayan damina ramin gindin ginshiƙi ya zurfafa, ko rawar ta bana tafi ta bara a fili, ɗauki hoto ku haɗu da shugabannin ƙungiyarku ku kai wa ma'aikatar ayyuka a rubuce, in hanyar tarayya ce ku haɗa da FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya.

Tambaya: Salam Injiniya, ina ajin ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha, inaso inyi firojet kan auna girgiza da maganaɗisu amma kuɗina kaɗan ne. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba, Kaduna.

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata, naji daɗin saƙonki ƙwarai. Nemi abinda ake kira jiyofon, ɗan gwangwani ne da masu neman man fetur ke kafawa a ƙasa da yawa don sauraron girgizar da ke dawowa daga ƙarƙashi, cikinsa koyil ne da maganaɗisu da sifirin, baya buƙatar batir, kuma ana samunsa a intanet da sauƙin kuɗi in aka kwatanta da sensar masana'anta. Wani sananne mai suna SM-24 yana bada kusan milibolt 29 a kowace milimita ɗaya a sakan, wanda ya isa ki ƙara masa ƙarfi kaɗan ki shigar a Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfuta ta gwaji, ko ta kafar makirfon ta kwamfuta.

Ki kula da abu uku don nan ɗalibai ke faɗuwa. Kowane jiyofon nada iyakarsa ta ƙasa, akwai mai kaɗawa 10 a sakan akwai mai 4.5, duk girgizar da bata kai wannan saurin ba zai nuna ta ƙasa da yadda take, saboda haka yayi wa mota mai 1,450 amma ba zai yi wa abu mai juyin hankali ba. Sannan akwai na tsaye akwai na kwance, in kika kwantar da na tsaye koyil ɗin zai jingina ya baki shirme. Na ukun shine wanda yafi ruɗa mutum, tunda da maganaɗisu yake aiki, in kika kai shi jikin motar lantarki zai iya ɗauko ƙarfin maganaɗisun motar kanta ya nuna miki tsini a 50 alhali ba girgiza bace, gwajin kuwa mai sauƙi ne, riƙe shi dab da motar ba tare da ya taɓa ba, in tsinin na nan kin gane. Don gwajin firojet ɗin, samu ƙaramar fanka ki kafe ta a katako, ki auna tana lafiya, ki manna ɗan ƙaramin nauyi a fiffike ɗaya ki sake aunawa, ki ƙara nauyin ki sake, ki sassauta noti ɗaya ki sake, ki jera hotunan. In kika iya tsayawa gaban malamai kika bayyana dalilin da yasa kowane hoto ya canza, wannan yafi ki sayo haɗaɗɗen abu da baki san cikinsa ba. Ki sa raga a gaban fankar don nauyin na iya ɓallewa.

Tambaya: Ina da injin markaɗe a gida da nake sana'a dashi, yarona yace akwai manhajar waya da ke auna girgiza ba sai an kira mai gyara ba. Gaskiya ne? Daga wata uwargida, Maraɗi.

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari. Yaron bai yi ƙarya ba, a cikin waya akwai 'yar sensar motsi, ita ke juya hoto in kin kwantar da wayar, daban take da mai jin maganaɗisu da ke nuna alƙibla. Zata iya nuna miki ko girgizar yau tafi ta watan jiya in dai wuri ɗaya ake ɗora ta kuma a riƙe ta gam, amma bata da saurin da zata ji boris, kuma kar a ɗauki lambarta a kai kan jadawalin da na bawa Alhaji a sama don ba'a saita ta da shi ba. A injin markaɗe ma yawanci ido da hannu sun wadatar: a kashe inji, a girgiza fulin da hannu aji ko yana wasa, a duba bel ko ya tsage ko ya saki, a ɗaure notinan da ke riƙe inji da katako, a duba faifan niƙan ko gefe ɗaya yafi cinyewa, a sa giris a boris. In yaron zai ɗora wayar inji na aiki, ya tsaya ta gefen da ba bel, ya naɗe hannun riga, kema Hajiya ki riƙa ɗaure mayafi ko hijabi ta baya kafin ki matso, sannan ki sa mai walda ya yi wa bel ɗin murfi na raga, ba zai ci kuɗi sosai ba.